Fankar AC tana yi tana ɗaukewa, sai na mari dashbod take tashi

"Assalamu alaikum Maigida. A Garwa nake, ina da Toyota Corolla ƙirar 2005, mai makunnin fanka na murɗawa, lamba ɗaya zuwa huɗu. Tun ƙarshen hunturu fankar AC ta fara yi mini wasa da hankali. Wata rana in tayar da mota ta yi ta hura iska lafiya lau har in isa kasuwa, wata rana kuma shiru, kowace lamba na murɗa. In na faɗa rami ko na mari ƙasan dashbod ta wajen fasinja, sai ta tashi. An canja mini fiyus, an ƙara gas, ba abin da ya sauya. Duk ranar da na kai ta garaji kuma sai ta ƙi ɗaukewa, har yaran garajin suna ganin ƙorafi ne kawai gare ni. Yanzu wani ya ce in sayi rezisto, wani ya ce kwamfireso ne. Ga zafi ya shigo. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa mu ga bayan wannan bazara lafiya. Ka yi bayani yadda mai gyara yake so a yi masa, domin abubuwa uku da ka faɗa sun rage mini aiki sosai: fankar tana mutuwa a dukkan lambobi ba a wasu kawai ba, girgiza ko mari yana tayar da ita, kuma abin ya soma ne bayan ƙurar hunturu. Da waɗannan, zargina ya fi karkata ga injin fankar kansa, wato burushinsa sun cinye, ko kuma soket ɗin da ke kai masa wuta ya saki. Kuɗin rezisto da na kwamfireso ka mayar da su aljihu tukuna. Amma ni ina Marwa, motarka tana Garwa, ban sa mata mita ba. Don haka zan nuna maka yadda za a tabbatar, ba wai ka je ka sayo inji don na faɗa ba.

Mu fara da cire gas daga maganar. Gas da kwamfireso aikinsu su sanyaya wata ƙaramar lagireto da ke ɓoye cikin dashbod, wadda ake kira ebaporeto. Fanka kuwa aikinta ta tura iska ta ratsa wannan lagireto ta fito maka ta ramukan gaba. Wuta take ci daga batir, ba ruwanta da gas. Da gas ne ya ƙare, da iska za ta ci gaba da fitowa da ƙarfinta, sai dai mai ɗumi. Wanda ya ƙara maka gas a kan fankar da ba ta juyawa bai yi maka adalci ba, kuma ƙarin ba alheri ba ne ko yaushe: motarka kusan rabin kilo na gas ɗin AC mai suna R134a take ɗauka, ainihin adadin yana rubuce a wata takarda da ke manne a ƙarƙashin bonet, in aka zarce shi kuma sai matsi ya hau, kwamfireso ya sha wahala, sanyin ma ya ragu. In an gama da fanka, ka sa a duba matsin da ma'auni.

Akwai kuma ruɗanin da nake yawan gani. Fanka biyu ke aiki da AC. Ɗaya tana gaba bayan lagireton ruwa, ita ke sanyaya kwandansa, wato lagireton da ke fitar da zafin gas ɗin AC. In ta samu matsala, sanyi yakan gudu a cunkoso, ya dawo in an hau titi ana gudu. Ɗayar ita ce taka, ta cikin mota, a ƙarƙashin akwatin takardu na gaban fasinja. In ka ce wa yaron garaji "fanka" kawai, yana iya buɗe bonet ya ga ta gaba tana juyawa ya ce maka lafiya lau take.

Hanyar da wuta ke bi

Wuta tana tasowa daga batir, ta bi ta babban fiyus, wanda a irin waɗannan motoci yakan kasance na amfiya 30 zuwa 50, a Toyota kuma za ka ga an rubuta HTR a kansa. Daga nan ta shiga rile, shi ne ɗan akwatin da ke yin "ƙyas" in ka murɗa makunni. Daga rile ta shiga injin fanka ta waya ɗaya, ta fita ta ɗaya wayar. A yawancin Toyota masu makunnin murɗawa, rezisto, wato abin da ke rage ƙarfin wuta, da makunni suna kan wayar fita ne, wadda ke komawa bodi, wato ƙarfen jikin mota da wuta ke bi ta koma batir. In ka sa lamba ɗaya, wuta sai ta ratsa rezisto gaba ɗayansa, ta yi rauni, fanka ta juya a hankali. A lamba biyu da uku wani ɓangarensa kawai take ratsawa. A lamba huɗu kuwa ba ta bi ta rezisto sam, kai tsaye take wucewa ta makunni zuwa bodi.

Wannan shi ya wanke rezisto a motarka. In shi ne ya lalace, ƙananan lambobi ne za su mutu, lamba huɗu ta ci gaba da aiki. Kai kuwa ka ce har huɗun tana ɗaukewa. Bayan haka, a jikin rezisto akwai wani ɗan fiyus na zafi, in ya narke ya narke ke nan, ba ya dawowa don an faɗa rami. Lokacin da rezisto ke yi yana bari shi ne in liƙin dalmarsa ya tsage ko haƙoransa sun yi tsatsa, kuma ko a nan ɗin ƙananan lambobi abin yake shafa.

Fiyus ma haka. Fiyus ba ya ƙonewa da safe ya warke da yamma. Abin da kan saki shi ne mazauninsa, in haƙoran da ke riƙe shi sun buɗe saboda yawan cirewa da mayarwa ko saboda zafi. Ka duba ƙafafun tsohon fiyus ɗin da aka cire, in yana nan. In sun yi baƙi ko robar ta ɗan narke, to mazaunin yana da magana.

Me ya sa mari yake tayar da ita

Injin fanka ƙaramin inji ne irin na waifa. A cikinsa akwai koyil mai juyawa, a ƙarshen koyil ɗin akwai zobe na jan ƙarfe wanda aka rarraba gida-gida. Burushi biyu, 'yan guntayen gawayi masu tauri, suna goga a kan zoben, kowanne da ɗan sifirin a bayansa yana tura shi. Ta nan wuta ke shiga koyil. Kullum injin ya juya burushin yana ci kaɗan-kaɗan, kuma mota mai shekarun taka ta ba shi lokacin da zai ci har ya gajarce. In ya gajarce, sifirin ba ya iya danna shi da ƙarfi. Garin gawayin da ya goge ya haɗu da ƙura ya cushe ramin da burushin ke zamewa a ciki, sai ya maƙale, ya tsaya dab da zoben bai taɓa shi ba. Ka faɗa rami, ko ka kai mari, sai ya zame ya taɓa, fanka ta tashi.

Wani lokacin kuma gida ɗaya ne a cikin gidajen zoben ya ƙone. In injin yana cikin gudu sai ya tsallake wurin ba a ji ba. Amma in ka kashe mota ya yi daidai da burushi ya tsaya a kan mataccen gidan, gobe da safe shiru. In ya tsaya a gida mai kyau, gobe lafiya. Shi ya sa abin yake zama kamar caca, kuma shi ya sa nake tambayar masu mota: fankar tana ƙin tashi ne tun daga farko, ko tana cikin aiki take yankewa? Wadda ke ƙin tashi daga tsaye, in ta tashi kuma ta yi ta yi har a kashe, kusan kullum inji ne. Wadda ke yankewa tana cikin aiki, musamman a lamba huɗu bayan minti goma ko ashirin, in ta huce kuma ta dawo, wannan soket ko rile ko makunni nake fara dubawa.

Ga dalili. A lamba huɗu wannan ɗan inji yana jan wuta kamar amfiya 15 zuwa 20, ya fi fitilun gaba biyu a haɗe. Duk inda haɗi ya ɗan saki, wuta tana matsewa ta wuce, matsewar kuma zafi take haifarwa. Lissafin ba wuya: in haƙorin soket ya yi datti har ya tare wuta da kashi ɗaya cikin goma na om (ma'aunin tare wuta) kawai, amfiya 15 tana bi ta kansa, zafin da zai fitar ya kai wat 22. Kamar ka kunna kwan fitilar birki, mai wat 21, ka cusa shi cikin robar soket ɗin ka bar shi. Roba ta yi laushi, haƙori ya ƙara sakewa, zafi ya ƙaru. Motar da aka ajiye a ranar Afrilu a Garwa, inda waje ma ya wuce digiri 40, cikinta yana iya haura 60 kafin ma a kunna komai. Soket ɗin da ya kai wannan hali shi ma mari yana tayar da shi, domin a jikin injin yake, inda hannunka ke sauka. Don haka marin shi kaɗai bai raba tsakanin burushi da soket ba, sai an gwada.

Kafin gwajin, roƙona ɗaya: in fanka ta ƙi tashi, ka mayar da makunni kan sifili, ka kashe maɓallin AC. Kada ka bar shi a lamba ɗaya ko biyu kana jira ta ga dama. Rezisto yana zaune ne cikin hanyar iska, iskar fanka ce ke sanyaya shi. In injin ya cije wuta tana bi ta cikinsa ba ya juyawa, rezisto zai yi ta gasuwa ba mai fifita shi, har ya ƙone. Daga nan maganar wanda ya ce ka sayi rezisto ta zama gaskiya, alhali da farko ba ita ba ce. Marin ma ka rage. Duk tashin da ta yi da mari tartsatsi ne ke tashi tsakanin burushi da zobe, yana ƙara cin zoben, kuma zoben shi ne abin da ke yanke hukuncin ko injin zai gyaru.

A kama ta lokacin da ta mutu

Yaran garajin ba ƙarya suka yi maka ba. Fankar da ke juyawa, duk inda ka sa mita lafiya zai nuna. Irin wannan matsala ba a gano ta sai a lokacin da take faruwa. Ranar da ta ɗauke, kada ka mare ta, kada ka buga ƙofa da ƙarfi, ka lallaɓa motar a hankali zuwa wurin mai gyaran wuta, ka kauce wa ramuka iyakar iyawarka. In hanyar unguwarku gargada ce, gara ka kira shi ya zo da mitarsa ya same ta inda take.

Akwai abubuwan da kai da kanka za ka lura da su kafin ya iso. Kashe rediyo, sa makulli a kan wuta, murɗa makunni daga sifili zuwa ɗaya, ka saurara. In ka ji "ƙyas", rile ya amsa kira. Sai ka danna maɓallin AC ka ga ko 'yar fitilarsa ta kama. A Toyota da yawa wutar wannan maɓalli ta bayan rilen fanka take fitowa, don haka in fitilar ta kama fanka kuma shiru, wuta ta wuce rile, matsalar tana can ƙasa wajen inji. In fitilar ma ta mutu tare da fanka, sai a koma sama: rile, mazaunin fiyus, makunni. Ka kuma lura ko akwai abin da ke mutuwa tare da ita, kamar waifa ko gilashin ƙofa. In haka ne, a duba wurin saka makulli. Masu rataya tarin makullan shago da na gida a jikin makullin mota su suka fi kawo mini wannan, nauyin yana cinye haƙoran ciki, sai ka ɗan motsa makullin komai ya dawo.

Shi kuma mai gyara, abin da ya kamata ya yi shi ne ya leƙa ƙarƙashin akwatin takardu, ya samu soket mai waya biyu masu kauri da ke shiga injin, kada ya cire shi. Ya sa lamba huɗu, ya cusa tsinken mita ta bayan soket, ɗaya a kowace waya. In mita ta nuna volt 12 ko fiye, kusan 14 in injin mota yana aiki, fanka kuma ba ta juyawa, magana ta kusa ƙarewa: wuta ta iso ƙofa, ko dai injin ne ko haƙoran soket ɗin. Sai ya riƙe soket ya ɗan motsa shi a hankali ba tare da ya taɓa injin ba. In ta tashi, soket ne. In ba ta tashi ba, ya ƙwanƙwasa bayan injin da ƙotar sukudireba. In ta tashi, burushi ne.

In kuwa mita ba ta ga komai tsakanin wayoyin biyu ba, sai ya ɗora baƙin tsinke a kan ƙarfen bodi mai tsabta, ya auna kowace waya ita kaɗai. Duka biyun sifili, wuta ba ta iso ba, a nemi laifin a rile ko fiyus. Duka biyun 12, wuta ta shiga ta ratsa injin ta rasa hanyar komawa, a nemi laifin a makunni ko a notin da ya ɗaure wayar bodi. Wannan na biyun yana ruɗa waɗanda ba su saba ba, su ga wuta a waya su ce ai wuta tana zuwa, su yanke wa inji hukunci, a sayo wani a saka, bayan kwana biyu mai mota ya dawo.

Na nanata cewa kada a cire soket ne saboda mita ba ta jan wuta. Wayar da ta ruɓe saura silin gashi ɗaya a ciki za ta nuna maka volt 12 cif in ba a ɗora mata kaya ba. Da an haɗa injin da ke neman amfiya 15 sai ta zube. In dole sai an cire soket, to a gwada da kwan fitilar gaba mai wat 55, ba da ɗan ƙaramin testa ba. Kwan yana jan sama da amfiya 4, in hanya ba ta da kyau zai yi ja-ja ko ya ƙi kamawa. A garajina akwai irin wannan kwan da na liƙa wa wayoyi biyu, kuma ya fi mita yi mini aiki a kan fanka. Ko lokacin da fankar ke aiki ma ana iya auna asarar da ake yi a hanya: daga kan batir mai alamar tarawa zuwa wayar shiga ta injin, a lamba huɗu, bai kamata ta wuce kamar rabin volt ba. In ka ga volt ɗaya da rabi ko biyu, akwai inda ke gasuwa, ka bi da hannu za ka ji shi.

Rile gwajinsa ya fi kowanne sauƙi. In akwai wani mai lamba da ƙafafu iri ɗaya da shi a motar, a musanya su na kwana biyu a gani. A dai tabbatar iri ɗaya ne, don rilen fanka a wasu motoci ya fi sauran girma. Jin "ƙyas" kuma ba shaida ba ce cewa lafiyarsa ƙalau, yana iya bugawa alhali bakin da ke haɗa wutar ya ƙone.

Gargaɗi ga duk wanda zai sa hannu a wurin: wayoyi da soket masu launin rawaya a bayan akwatin takardu na jakar iska ne, ta kariya a lokacin haɗari. Ba a sa musu mita, ba a sa musu testa. In za a kwance wani abu, a cire kan batir na bodi tukuna.

Wata alama da ke kama da taka amma ba ita ba ce, na ambace ta saboda masu doguwar tafiya. Mutum ya taso daga Ngaundere da damina, AC yana aiki, kafin ya iso Garwa iska ta yi ta raguwa har ta kusa ɗaukewa, amma yana jin ƙugin fanka a ƙasa. Wannan ƙanƙara ce ta daskare a jikin ebaporeto ta toshe hanya. In ya kashe maɓallin AC ya bar fanka tana yi, bayan 'yan mintoci iska ta dawo, ruwa ya yi ta zuba a ƙarƙashin mota. Laifin yakan zama na ɗan na'urar da ke auna sanyi ta yanke kwamfireso, ko na filta da ta toshe. Taka ba ta ƙugi, shiru take yi, don haka ba wannan ba ce.

Ƙurar da ta jawo abin

Ba banza ba abin ya soma a ƙarshen hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu duk iskar da fankar ta shaƙa da ƙura take. A Garwa da kewaye lokacin ya yi daidai da jigilar auduga, ka bi bayan babbar motar auduga na ɗan lokaci ka ga abin da ke manne wa gilashi. Ga darbejiya da muke fakewa a inuwarta, ganyenta da 'ya'yanta suna zuba cikin ragar da ke gindin gilashin gaba, wadda ta nan ne iskar waje ke shiga. Duk wannan yana taruwa a kan filtar cikin mota, wadda ke bayan akwatin takardu, saman fanka kaɗan. Masu mota da yawa ba su ma san da ita ba, sun san ta injin mota kawai. Wasu motocin kuma ka buɗe ka tarar ramin filtar fayau, ko dai ba a sa mata ba tun asali ko wani ya cire ya yar don iska ta ƙaru.

Kowanne da illarsa. In filta ta toshe, iskar da ke sanyaya rezisto da injin fanka ta ragu, kai kuma ka ga iska ba ƙarfi sai ka zauna a lamba huɗu kullum, inda ake jan wuta mafi yawa. In babu filta, ƙura ta shiga bushin ɗin da sandar injin ke juyawa a ciki, ta shanye maiƙonsa, injin ya yi nauyi, ya riƙa jan wuta fiye da ƙa'ida. Wannan shi ke narka soket, ya ƙona rezisto. Na sha fitar da sheƙar ɓera daga cikin fanka, da tsumma da ɓawon gyaɗa, musamman a motocin da ke kwana kusa da rumbu ko shagon hatsi. Da damina kuma in bututun da ke zubar da ruwan AC ya toshe, ko ragar gindin gilashi ta cika da ganye, ruwa yakan gangaro cikin injin ya sa tsatsa. Ka taɓa kafet na wajen ƙafar fasinja, in da danshi ko warin ruma, a bi wannan ma.

Ni shawarata a nan Arewa, a sa sabuwar filta a ƙarshen Fabrairu kafin zafi ya kankama, a sake duba ta bayan damina. Hura ta da iska yana ɗan taimakawa sau ɗaya, wanke ta takarda da ruwa kuwa kashe ta ne. A cikin ƙura ka riƙa danna maɓallin da ke juya iskar cikin mota, ya fi sauƙi ga filta, sanyi ma ya fi kamawa.

A gyara ko a saya

Fitar da injin a Corolla ba aiki ba ne, sukurori uku ne daga ƙasa, ba sai an kwance dashbod ba. Duk wanda ya ce sai ya sauke dashbod don fanka, ka nemi wani. In an fitar, a juya keken, wato fukafukan fankar, da yatsa. Ya kamata ya ɗan yi gudu da kansa kafin ya tsaya, ba ƙara, ba cijewa. A girgiza sandar gefe da gefe a ji ko tana wasa. Sannan a ba shi wuta kai tsaye daga batir ta waya mai fiyus, a riƙe shi gam don yana fizga. A yanke wutar, a bar shi ya tsaya, a ɗan juya shi kaɗan da hannu, a sake ba shi, a yi ta maimaitawa har a zagaye zoben. In akwai mataccen gida, a nan zai tona kansa.

In zoben yana da santsi, sanda ba ta wasa, to canjin burushi gyara ne na gaskiya, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Mukan buɗe murfin bayan injin, mu samo burushi mai kama da shi mu goge shi ya zo daidai ramin, mu share zoben da lallausan samfefa, mu kwashe garin da ke tsakanin gidajen, mu ɗiga wa bushin mai kaɗan. Amma in burushi ya haƙa kwari a jikin zoben, ko koyil ya yi baƙi yana warin ƙuna, ko sanda tana kaɗawa, ba na karɓar kuɗin mutum a kan gyaran, don na san kafin damina zai dawo.

Wajen saye, injin asali da aka ciro daga motar da ta yi haɗari sau da yawa ya fi sabo mai arha da ba a san masana'antarsa ba, in dai an gwada shi a gabanka kamar yadda na faɗa. Ka tafi da naka a kwatanta. Motocinmu sitiyarinsu a hagu yake, kayan gwanjo kuwa akwai waɗanda aka ciro daga motocin Japan ko Ingila masu sitiyari a dama, kuma keken fankarsu sau da yawa ɗaya gefen yake juyawa. Zai iya shiga ramin, ya yi ƙugi, iska kuma ba ƙarfi. Haka ma in aka juya wayoyin biyu wajen haɗawa: irin wannan fanka ko baya take juyawa tana ɗan hura iska, sai mutum ya zaci sabon injin ne rago. In ka ga wasu 'yan ƙarafa maƙale a fukafukan keken, kada yaro ya ɓalle su da sunan datti, su ke daidaita nauyinsa don kada ya yi rawa.

In soket ne ya narke, a yanke shi a sa wani mai wayoyi masu kauri irin na asali, a liƙe da dalma. Murɗa waya da waya a naɗe da salatif ba ya ɗaukar amfiya 20 a cikin wannan zafi. Kuma a tambayi abin da ya narka shi, domin in injin ne ke jan wuta fiye da kima, sabon soket ɗin ma hanyar tsohon zai bi. Abubuwa biyu kada ka yarda a yi maka ko da kyauta ne: ɗaure fiyus da siririyar waya ko takardar sigari, da tsallake fiyus ɗin zafi na jikin rezisto. Akwatin da fanka ke ciki roba ne, cike da busasshen ganye da auduga, a ƙarƙashin dashbod.

Duk wannan bayani na motoci masu makunnin murɗawa ne irin taka. Masu karatu da ke da mota mai allon lambobi da maɓallin AUTO, tasu ba ta da rezisto irin wannan. Wani ɗan akwatin lantarki ne mai taransisto yake sarrafa gudun fankar, shi kuwa yana iya yankewa in ya yi zafi ya dawo in ya huce, a dukkan lambobi, wani lokacin ma ya bar fanka tana gudu bayan an zare makulli. A sababbin motoci kwamfuta ce ke aika masa umarni, kuma ba na yarda a soka wa waɗannan wayoyi kwan fitila. Sai da zanen wayoyin motar da na'urar karanta kwamfuta.

Kai kuwa Malam, in an gama aikin kada ka biya ka tafi nan take. Tayar da mota, sa lamba huɗu, bar ta ta yi kwata na awa a tsaye. Sannan ka sa hannu ka taɓa soket ɗin injin, da rile, da bayan makunni in hannu yana isa. Ɗumi kaɗan ba komai, amma in wani wuri ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi, da sauran aiki a nan. Bayan haka ka kashe fanka ka kunna sau da yawa a lamba ɗaya, domin a nan wuta ta fi rauni, injin da ke da sauran matsala a nan yake ƙin tashi.